Dala Hamsin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai ambulan
ofishin nan mai iccen bedi a ƙofa.
In liƙe bakinta, in tofa mata addu'a,
in miƙa wa Kiyari, mai makullin akwati.
Ya ce, "Mato, je ka, za a neme ka."
Har gemuna ya ɗauki launin garin katako
ba wanda ya neme ni.

Tebura kuwa ana ta saye.
Ina ganin su a bayan kamyo,
sun nufi Mirya, sun nufi Tanut,
ɗanyen katako, ƙusa ɗaya inda uku ya dace.
Kafin damina biyu yaran lakwal sun koma ƙasa.
Wa ya ƙera? Nawa aka biya?
Tambayi duwatsun Birni,
sun fi ofishin nan sakin baki.

Bana aka ce an daina ambulan,
wai akwatin ya koma cikin waya.
Na yi dariya har na ajiye zarto.
Mu da ruwan famfo ke ja wa aji,
yanzu kuma rezo za mu zauna jira?

Cima ce ta karɓe zancen, 'yata ta biyu.
Ta ɗauki hoton takardar haraji,
ta ɗauki hoton tebur ta gaba da ta gefe,
ta ce, "Baba, faɗi kuɗinka na gaskiya,
ban da goron kowa a kai."
Na yi shiru.
Ashe na manta farashin tebur tsirara.
Sai da na koma ga yatsu:
katako, ƙarfe, fenti, ƙusa,
gumina da na yara biyu.

Wuta ta ɗauke sau biyu.
Muka hau dutsen bayan gida, ni da gwiwar nan tawa,
tana ɗaga waya sama kamar mai neman wata.
Ƙarfe ɗayan dare,
mata na jera jarkoki a bakin famfo,
saƙon ya tafi.
Wani ya dawo, da lamba, da awa, da minti.
Rana ta farko ke nan
da gwamnati ta ce da ni, "Na karɓa."

Ranar buɗewa ba ƙofar da aka rufe.
Waya na kan bencina, tsakanin guduma da magagari,
sunaye goma sha bakwai suka jeru,
kowa da kuɗinsa a gabansa
kamar tumatir a kasuwar Dole.
Ni ne na biyu.
Wani Tsahiru na Garin Malam ya sha gabana
da dala hamsin a kan kowane tebur.

Ban ci ba.
Amma daren nan na yi barci.
Ɗan kokawar da aka kayar a tsakar fili
ya san hannun da ya ɗauke ƙafarsa.
Da can, a gida nake kwance
a aiko a ce min na faɗi.

Ban ce waya waliyyiya ce ba.
Hannu ne ke rubuta sharaɗi,
kuma hannu ya iya ɗinka riga daidai wuyan ɗan'uwa.
Sai dai yanzu ɗinkin a rana yake,
mai ido zai ga zare.

Kiyari na nan a gindin bedi,
makullin na aljihunsa har yau.
Jiya na saya masa shayi.
Bai ce za a neme ni ba.

Da la'asar na taka har Garin Malam,
na kifa teburin Tsahiru, na ƙirga ƙusa.
Uku.
Na miƙa masa hannu,
na tambaye shi inda yake sayen ƙarfe.

An ce wata mai zuwa bencin asibiti za a nema.
Cima, sa wayar nan a caji
tun da sauran wuta.